Uraniyom namu ne, to me ya hana mu tashar nukiliya?

Mai Walda, Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ni mai walda ne, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe ne sana'ata. Jiya tun hantsi wuta ta ɗauke, ƙofar wani Alhaji tana kwance rabi a haɗe, yaran shago biyu suna zaune suna kallona har la'asar. In na tada gurup, kuɗin mai ya cinye ribar. Ina nan zaune sai na tuna labarin da na ji a rediyo cikin Yulin 2025, cewa ministan makamashi na Rasha ya zo Yamai an sa hannu kan takarda game da nukiliya. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, Faransa kuwa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya take samu. Mu masu abin me ya hana mu? Kuɗi ne, ko ilimi, ko hana mu ake yi? Masu sani ku warware mini, amma don Allah ba da faransanci ba.

Tsohon Arlit:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙuruciyata duk a wurin haƙar nan ta ƙare, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Manyan motocin da suka saba bi ta garinku daga arewa su nufi Kwatano, wani gari ne ruwan ɗorawa suke ɗauke da shi cikin duro. Wannan garin ko ka zuba shi a tasha ba zai kunna maka ƙwai ɗaya ba. Damin gero ne, bai zama tuwo ba tukuna. Nau'in da yawancin tashoshi ke buƙata shi ne uraniyom 235, kuma kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na abin da ke fitowa daga ƙasa. Sai an kai shi an mayar da shi iskar gas, an juya shi cikin injuna har ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a dunƙule shi ƙanana a jera cikin sandunan ƙarfe. A Faransa a Tricastin ake wannan tacewa. Ƙasashen da ke yinta ƴan kaɗan ne, kuma ido na kansu, don injin da ya kai shi kashi 5 shi ne zai kai shi na bam in aka ci gaba da juyawa.

Ka ga ko mu masu haƙa, kowa da ƴar na'urarsa maƙale a ƙirji tana ƙirga hasken da ya shiga jiki. Ma'aunin wannan haske na nukiliya sunansa milisibat. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ne a shekara, na sauran jama'a 1. In mai tonon dutse ana bin sa da wannan lissafi, ina ga mai tsaron wutar kanta?

Ɗan Ƙasa 227:
Baba da girmanka, amma irin wannan magana ce ke kashe mana gwiwa. Daular Larabawa hamada ce kamar mu, ba su da uraniyom ko cokali ɗaya, ga su da tasha. Mun karɓe Somaïr, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit, a 2025, sauran ma za mu iya.

Ma'aikaciyar Lantarki, Yamai:
Ɗan Ƙasa, ba wanda ya ce ba za a iya ba. Amma tashar Barakah da kake nufi, Koriya ta Kudu ce ta gina musu, an fara 2012, injin farko bai ba da wuta ba sai 2020, ga su da teku a ƙofar gida da kuɗin mai.

Malam Mai Walda, a ganina babbar matsalarmu ba uraniyom ba ce, wayar lantarki ce. Akwai ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi: kada inji guda ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wutar ƙasa baki ɗaya, don ran da ya tsaya farat ɗaya kada ya ja kowa cikin duhu. Injin da Rasha ke gina wa Masar a El Dabaa megawat 1200 ne kowane, guda huɗu. Duk wutar da Nijar ke sha a tsakiyar zafin Afrilu ba ta kai inji ɗaya ba. Madatsar Kandaji da muke ta jira megawat 130 ce. Ka ɗora raƙumi a kan jaki ke nan. Kuma ku tuna Agustan 2023 da Najeriya ta rufe layin da ke zuwa daga Birnin Kabi, yadda Yamai ta koma. Tashar nukiliya ita kanta tana son wuta daga waje wadda ba ta yankewa, saboda ko an kashe inji zafinsa bai mutuwa nan take, dole famfunan ruwa su ci gaba da aiki. Abin da ya faru a tashar Fukushima ta Japan a 2011 ke nan: ruwan teku ya kashe injunan ko-ta-kwana, sanyaya ta tsaya.

Sai ruwa. Koeberg, tasha ɗaya tilo da ke aiki a Afirka, a bakin teku take kusa da Cape Town a Afirka ta Kudu. Mu kogi ɗaya gare mu, kuma dattawan Yamai sun san a 1985 ya daina gudu a nan.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Vienna tana da abubuwa 19 da ƙasa za ta shirya kafin ta kunna tasha, daga doka zuwa inda za a ajiye shara, kuma ta ce aikin shekara 10 zuwa 15 ne. Tawagarta ta zo nan a 2018 ta duba shirinmu. Ni inda nake sa rai shi ne ƙananan injuna, irin biyun da Rasha ta ɗora kan jirgin ruwa a Pevek, can arewacin ƙasarta, megawat 35 kowane, ko kuma babba guda da ƙasashen yankin za su yi tarayya a kai.

Tunda walda ce sana'arka, ga wanda zai ba ka dariya. Faransa ta fara gina sabon inji a Flamanville a 2007, sai Disamban 2024 ya shiga layi, kuɗinsa ya ninka har sau huɗu. Cikin abin da ya jinkirta shi akwai walda. An gano aibi a haɗin wasu bututu, hukumar sa ido ta ce sai an gyara, aka rasa shekaru.

Mai Walda, Tawa:
Ikon Allah! Ashe har Faransa walda na kayar da ita. Hajiya, yaya suke gane aibin alhali yana cikin ƙarfe? Ni dai guduma nake bugawa in saurari ƙara.

Ma'aikaciyar Lantarki, Yamai:
Hoto suke ɗauka, kamar yadda ake wa ƙashi a asibiti, ko su aika sauti cikin ƙarfen su ga inda ya dawo. Kowane haɗi da lambarsa, da sunan wanda ya yi shi, da irin sandar da ya ƙona, duk a rubuce. Mai waldan ma sai ya ci jarrabawa a kan irin wannan bututu kafin ya taɓa shi.

Mai Walda, Tawa:
To ni da sunana zai hau kowace ƙofa da na haɗa, da wasu Alhazan sun daɗe da nemo ni. Na gode Baba, na gode Hajiya. Babban yarona yana aji uku a kwaleji, lissafi na shigarsa, zan nuna masa wannan da dare. Wuta ta dawo yanzu, bari in je in ƙarasa ƙofar nan kafin ta sake tafiya.