Me kuke dubawa a jikin yaron jami'a kafin zaɓen NBA?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk watan Yuni kulob 30 na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa a zagaye biyu, kuma yawancinsu daga jami'o'in Amurka ake ɗebo su. Ina son wanda ya taɓa zuba wa wani yaro ido ya yanke masa hukunci kafin zaɓen ya ba mu labarin yadda ta kaya. Ni nawa a 2011 ne. Na raba dare ina kallon Jimmer Fredette na jami'ar BYU, yana zuba maki kusan 29 a kowane wasa, yana jifa daga inda ko tunanin jifa ba a yi. Na ce wa abokaina wannan yaron zai girgiza NBA. An ɗauke shi na 10, bai taɓa samun gindin zama ba, daga baya a ƙasar Sin ya yi suna. Har yau abin yana damuna, domin ido na gani da shi, ba labari aka ba ni ba.

Koci na Samaru: Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, idonka bai yi maka ƙarya ba, ƙwallon kawai ka bi. A BYU duk wasan a kansa aka gina, mutum huɗu suna yi masa hidima. Da ya je NBA sai aka ce ya koma cikin masu hidimar, ya kuma tsare wanda ya fi shi tsawo da sauri. Ni shekara da shekaru ina koyar da yara, kuma abin da na koya shi ne in ɗauke idona daga ƙwallo in kalli ƙafa. Idan abokin karawa ya kutso ta gefe, yaron zai iya zamewa ya tare shi ba tare da ya harɗe ƙafafunsa ba? Idan ya yi minti biyar ƙwallo ba ta zo hannunsa ba, yana motsi ko tsayawa yake ya riƙe ƙugu? Akwai wani yaro da na taɓa ajiyewa a benci duk da shi ya fi kowa cin maki, iyayensa suka yi fushi da ni sosai, amma ba ya komawa tsaron gida. Wannan ciwon ba ya ɓoyuwa, a Zariya ne ko a Amurka.

Kuma kada mu manta Masai Ujiri, da ya tashi a nan Zariya, da wannan aikin na farautar 'yan wasa ya fara, yana yi wa kulob ɗin Orlando Magic ba ko albashi. Da ido ya kai inda ya kai, har Toronto ta ɗauki kofi a 2019 yana shugabancinta.

Ɗalibi a Indiyana: Koci, Allah ya ƙara girma. Ni na ga Zach Edey na jami'ar Purdue ido da ido a zauren wasansu, tsawonsa mita 2.24. Talabijin ba ta nuna girmansa yadda yake. A Maris na 2023 wata ƙaramar jami'a, Fairleigh Dickinson, ta fitar da su tun zagayen farko na gasar kofin jami'o'i, gajerun yara suna ta kewaya su da gudu, sai kowa a nan ya ce Edey ba zai iya NBA ba, ya yi nauyi. Ya koma makaranta shekara guda. Da na sake ganinsa sai na lura yana fitowa nesa da kwando ya tari mai ƙwallo ya kuma koma wurinsa a kan lokaci, ga shi ana kusa tashi bai sunkuya yana haki ba. A wasan ƙarshe na 2024 ya ci maki 37 duk da jami'ar UConn ta doke su, Memphis ta ɗauke shi na 9. Tun daga nan ba na yarda da wanda ya kalli yaro shekara ɗaya tak. Ina so in ga abin da ya gyara tsakanin bara da bana.

Maman Hanifa: Ni na buga wasan lokacin ina jami'a, a gefe nake tsayawa, jifa ce aikina. Abin da nake fara nema shi ne jifar da ake ba mutum idan an yi masa ƙeta, domin a nan babu mai tsare shi, hannunsa ne kawai da natsuwarsa. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku, na jami'a mita 6.75 ne, na NBA kuwa 7.24 daga tsakiya. Yaro zai iya dacewa da jifar nesa na wata biyu a yi ta yabonsa, amma idan yana zubar da huɗu cikin goma a layin ƙeta, ƙarin rabin mitar nan zai tona shi.

Baba Mai Rediyo: 'Ya'yana, ni tun 1984 nake bin abin nan, shekarar da Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon na farko, Portland ta ɗauki Sam Bowie na biyu, aka bar wa Shikago Michael Jordan na uku. Tsawo yana ruɗin manya ma. A 1998 mun yi murna da aka ɗauki Michael Olowokandi, haifaffen Legas, na farko, ni har makwabta na shiga yi wa albishir. A 2009 na sake sa rai a kan Hasheem Thabeet na Tanzaniya da aka ɗauka na biyu, alhali Stephen Curry na ƙaramar jami'ar Davidson ya zauna har na bakwai saboda an ce siriri ne. Son namu ya rufe mini ido sau biyu, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Ɗan Fagge: Baba, mun gode. To awon da ake yi musu a Shikago a watan Mayu fa? Ana auna tsawo, da tsalle, da gaba, wato faɗin hannuwa idan mutum ya ware su. Ku kuna ba shi muhimmanci?

Koci na Samaru: Gaba ina dubawa, don dogon hannu yana rufe kurakurai da yawa wajen tsaro. Sauran kuwa da taka-tsantsan. A 2007 Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 ko sau ɗaya, aka yi ta surutu, amma ga shi ya zama babban tauraro a NBA. Jalen Brunson ya ɗauki kofin jami'o'i sau biyu da jami'ar Villanova, amma don gajere ne kuma ya shekara uku a makaranta, sai a lamba 33 aka kira sunansa a 2018.

Maman Hanifa: Koci, a nan ina da ɗan ja. Shekaru suna da tasiri. Ɗan 22 da ke ture 'yan 18 da ƙirji, idan ya shiga cikin manya ba zai sami wanda zai ture ba. Brunson ya tsira ne saboda ƙafarsa da haƙurinsa a ƙarƙashin kwando, ba ƙarfi kaɗai ba. Luka Garza na Iowa shi ne gwarzon jami'o'i a 2021, amma na 52 aka ɗauke shi.

Ɗalibi a Indiyana: Hajiya ta faɗi gaskiya. Idan kakar bana ta fara a Nuwamba zan riƙa zuwa da wuri in ga yadda suke ɗumama jiki, in kawo muku abin da kyamara ba ta ɗauka.