Neman kalma: ko "biyuwa" za ta ɗauki wannan kaya?

Assalamu alaikum jama'a. Masu fassara da malaman Hausa, ku matso, shawara nake nema. An ba ni wata 'yar takarda in mayar da ita Hausa, kan yadda nakasassu za su riƙa zuwa wuraren shan iska na bayan gari, duwatsu da bakin kogi da hanyoyin tattaki. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wadda Turawa ke kira aksesibiliti, wato wuri ya kasance kowa na iya zuwa ya yi amfani da shi, har da mai nakasa.

A rediyo an fi cewa "samun dama". Ni ban gamsu ba. Dama abu ce da wani ke ba ka, in ya ga dama ya hana, sai maganar ta koma kamar alfarma ake roƙo. Alhali dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, haƙƙi ta kira abin, har ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024.

"Sauƙin shiga" kuma ya dace da banki ko asibiti, wurin da ke da ƙofa. To Dutsen Kufena fa? Ko matsirgar ruwa ta wajen Kafanchan? Can ba shiga ake yi ba, bi ake yi.

Bari in faɗi abin da ya sa na damu. Yayana shan inna ya same shi tun yana ɗan shekara uku, da keken guragu yake yawo, mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Bayan Sallah muka fita da yara wani wuri a bakin Kogin Kaduna. Daga inda muka ajiye mota zuwa ruwa bai kai tafiyar minti biyar ba. Sai ga wata 'yar kwata a tsakiyar hanya, an gitta mata katako ɗaya, faɗinsa bai wuce taki guda ba. Yara suka tsallake da gudu. Mu biyu muka ɗaga keken muka haye da shi, gaba kaɗan kuma yashi ya haɗiye tayar gaba. Yaya ya murza, ya murza, har jijiyar hannunsa ta fito, keken bai motsa ba. Ya share gumi ya ce, "Ku je kawai, zan jira ku a inuwar nan. Hanyar ba ta biyuwa."

Shekaranjiya ina gaban takardar, maganar nan ta dawo mini. Ba ta biyuwa. Ai haka direbobinmu ke faɗa da damina in ruwa ya cinye hanyar ƙauye. Haka muke cewa kasuwa ba ta shiguwa ranar jajibiri, dutse ba ya hawuwa, tuwo ba ya ciwuwa. Hausa ta daɗe da wannan gini, mu ne muka tsallake shi muka tafi neman doguwar jimla.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne inda kalmar ke ajiye laifi. In ka ce "gurgu ba ya iya zuwa", ka ɗora gazawar a kan mutum. In ka ce "hanyar ba ta biyuwa", hanya ce mai aibu, kuma hanya ana gyara ta. A faɗaɗa katakon nan ya zama 'yar gada, a daddaɓe yashin da marmara, a kwantar da hawa yadda duk tashin mita 1 zai samu tsawon mita 12 kamar yadda magina ke auna gangaren keken guragu. Shi ke nan ta biyu.

Don haka ga shawarata: biyuwa ga hanya da turba da burtali, shiguwa ga gini. In ana son a game su duka, "biyuwa ga kowa".

Na ga martani, na gode. Wani malami daga Zariya ya ce yana tsoron a rikita ta da biyu ta ƙirga. Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban taɓa jin wanda aka ce wa hanya ba ta biyuwa ya ɗauka lissafi ake yi ba.

Gyaran da ya fi shiga raina na wata baiwar Allah ce daga Tudun Wada, mahaifinta makaho ne. Ta ce hanyar da ta biyu ga keke ba lallai ta biyu ga mai sanda ba, shi gefen hanya yake nema wanda sanda za ta taɓa, kurma kuma allo yake so ya karanta. Gaskiyarki, Hajiya. Ke nan kalmar ba ta tafiya ita kaɗai, dole a ce ga wa. A yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila ma haka suka yi, sun kasa hanyoyinsu uku: ta kowa, ta mutane da yawa, ta wasu. Mu ma allonmu zai iya cewa "Tana biyuwa da keken guragu" ko "Tana biyuwa da ɗan jagora", mutum ya san abin da zai tarar tun bai ɓata kuɗin mota ba.

Da yamma na kira Yaya na karanta masa jimlar farko ta fassarar: "Biyuwar hanyoyin tattaki ga nakasassu." Ya yi shiru, sannan ya ce in cire "ga nakasassu" in sa "ga kowa", don Inna ma da ciwon gwiwarta ba za ta haye katakon nan ba. Na gyara.