Yalo a ƙasar Legas: yaya ake hana shi yaushi da damina?

Ɗan Ikorodu:
Assalamu alaikum. Akwai fili rabin fuloti a bayan Ikorodu da nake son sa wa yalo. Maƙwabta sun ce a nan yalo yakan tashi da kyau, da ya fara fure sai ya yi yaushi ya mutu, ga ƙasa jiƙe. Me ke kawo haka, kuma wane wata ya fi dacewa a dasa? A taimaka da bayani tun daga reno.

Baba Mai Lambu, Ojo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko, ka manta da fangali irin na Kano da Zariya. Can ana haƙa shi ne don ya riƙe ruwa, nan kuwa ruwan ne abokin gaba. Yalo ba ya jure ruwa ya kwana a gindinsa, saiwar ruɓewa take yi. Ka yi kunya mai tsayi, santimita 30 ko fiye, ka fitar da kwata a gefen fili yadda ruwan sama zai wuce.

Reno: ka haɗa ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen kashin kaji, ka ja layi, ka zuba iri kada zurfinsa ya wuce santimita 1. Ka yi masa rumfar ganyen kwakwa, don ruwan sama mai ƙarfi yana tone iri. Yana tsirowa cikin kwana 7 zuwa 14. Bayan sati 5 ko 6, idan ya yi ganye 4 zuwa 6, sai dashe, da yamma, bayan ka rage inuwar na mako guda ya saba da rana. Tsakanin tushe da tushe santimita 60, tsakanin kunya da kunya 90. Masu matse shi don su sami tushe da yawa su ne ke kuka daga baya, iska ba ta ratsawa, ganye ba ya bushewa.

Ni a ganina ka yi reno a farkon Yuli, ka dasa lokacin da ruwa ke yin fashi a Agusta. Ruwan Satumba zai same shi ya riga ya kafu.

Malamin Gona:
Baba ya yi daidai a kan kunya, amma yaushin da aka kwatanta ba kullum ruwa kaɗai ba ne. Akwai ƙwayar cutar bakteriya da ke zaune a ƙasa mai zafi da danshi, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar da ruwa ke bi a cikin kara. Alamarta: ganye yana nan kore, bai yi rawaya ba, amma ya langaɓe da rana, ya ɗan farfaɗo da dare, cikin 'yan kwanaki ya kwanta gaba ɗaya.

Ga yadda za ka tabbatar. Yanke karan daga ƙasa-ƙasa, ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. Idan cutar ce, cikin 'yan mintoci za ka ga wani farin zare kamar hayaƙi yana sauka daga karan. In ka ga haka, kada ka ɓata kuɗinka a kan feshi, babu maganin da ke tayar da wanda ya kamu. Tuge shi da ƙasar gindinsa, ka fitar daga gonar ka ƙone, ka wanke fartanya kafin ta taɓa wata kunya.

Don haka ka tambayi abin da aka shuka a filin a baya. Tumatir, tattasai, attaruhu da gauta duk dangi ɗaya ne da yalo, cuta ɗaya ke cin su. In an yi su a wurin suka mutu, ka ba filin masara shekara 2 ko 3 tukuna. Idan kuma ka tuge ka ga saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wannan wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani, ta fi yawa a ƙasa mai yashi irin ta wajen Badagry, ita ma juya shuka da taki mai yawa ne ke rage ta.

Takin zamani: NPK 15-15-15, cikin murfin kwalba biyu ga kowane tushe, sati 2 bayan dashe. A binne shi nesa da kara kamar faɗin tafin hannu. A sake idan ya fara fure. Takin yuriya kuwa, in ya yi yawa ganye za ka girba.

Ɗan Ikorodu:
Na gode, Baba, na gode, Malam. To tsutsar da ke shiga cikin 'ya'yan fa?

Hajiya Mai Gwari, Agege:
Ƙanena, wannan ita ke karya farashi. Tana fara da toho: ka ga kan reshe ya sunkuya shi kaɗai, tana ciki. Ka zagaya gona sau biyu a mako, ka yanke duk tohon da ya sunkuya daga ƙasan inda ta huda, ka tsince 'ya'yan da ke da rami, ka binne su da zurfi. Zubar da su a gefen kunya kiwon ta ne. Feshi ba ya kai wa wadda ta riga ta shige. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana rage sababbin, a daka giram 50 a lita 1 na ruwa, ya kwana, a tace a fesa da yamma kowane mako. Masu kawo kaya daga Arewa kan zo da 'ya'yan darbejiyar in an yi musu sallahu.

Kuma wajen girbi, kada ka jira yalon ya yi ja ko rawaya. Tun yana sheƙi, fatarsa a miƙe, ka yanka da wuƙa tare da ɗan karansa, duk kwana 5 zuwa 7, daga kamar wata 2 da rabi bayan dashe. Wanda aka bari ya ƙosa yana ɗaci, kuma uwar tana rage fure. Kafin ka sayi iri ka leƙa kasuwar Mile 12 ka ga abin da ke tafiya. Fari da mai ratsin kore sun fi babban nan na Turawa mai launin shunayya samun masu saye, musamman wajen 'yan ƙabilar Ibo da ke tarbar baƙi da shi haɗe da niƙaƙƙiyar gyaɗa mai yaji.

Baba Mai Lambu, Ojo:
Hajiya, a ƙara masa da cewa dashen Agusta zai shiga rani yana haihuwa, sai ya tanadi rijiya. Daga Disamba ban ruwa kwana bibbiyu, a gindi, kuma ya riƙa duba bayan ganye saboda jan gizo-gizon nan ƙanana da ke zuwa da hunturu.