Ziyarar wuraren tarihi a yini ɗaya: me kuka tarar?

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son in kai yarana wani wurin tarihi a wannan hutun, wanda za a je da safe a dawo kafin magariba. Duk wanda ya taɓa irin wannan tafiya, don Allah ya faɗa mana yadda ta kasance.

Wata malamar makaranta, daga Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka hau titin wani gari, ka fara da Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki. Ginin ya samo asali tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da na kai ɗalibaina, maza sun maƙale a wajen tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, 'yan mata kuwa sai da na yi da gaske kafin suka fito daga ɗakin da aka jera kayan amarya irin na da. Ni abin da ya fi burge ni shi ne sanyin cikin soraye, domin rana tana dukan waje amma katangar ƙasa da rufin azara sun hana zafi shiga. Daga nan muka wuce marinar Ƙofar Mata, inda wani dattijo ya nuna musu yadda ake haɗa baba da toka a cikin rami, da yadda zane yake fitowa kore-kore sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi idan ya sha iska. Shawarata ita ce ka nemi mai yin bayani tun daga ƙofa, domin yaro zai wuce tulu da takobi bai waiwaya ba idan babu wanda ya ba shi labarinsu.

Wani ɗan kasuwa, daga Katsina:
Gaskiyar Malama ce, amma idan fita kake so, Daura ta fi dacewa da yara, tunda labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu sun riga sun ji shi a makaranta. Ƙaramin ɗana bai yarda rijiyar gaske ba ce sai da aka ɗebo ruwanta ya sha. Sai dai kada ka haɗa Daura da Katsina a rana guda, domin Katsina kaɗai tana cin yini: ga hasumiyar Gobarau, ga kuma gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Wani ɗalibin jami'a, daga Zariya:
Ranka ya daɗe, mu mun haɗa biyun, amma mu samari ne, kuma sai bayan isha muka iso gida. Da ƙananan yara ba zan ba da wannan shawara ba. Haka ma Gidan Arewa na Kaduna, gidan da Sardauna ya zauna har aka kashe shi a ranar 15 ga Janairun 1966, na ga ya fi amfanar wanda ya kai sakandare, saboda yawancin abin da ke ciki hotuna ne da takardu masu buƙatar karatu.

Wata Hajiya, daga Kano:
Ni abin da zan ƙara shi ne batun lokaci. Ku guji ranar Juma'a idan cikin birni za ku shiga, domin tun kafin azahar hanyoyin da ke kewayen babban masallaci suke cikewa. Idan kuma za ku hau Dutsen Dala, ku hau da sanyin safiya, ku riƙe ruwan sha, kuma ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton masu rini ko wani abu a cikin gidan tarihi.