Sandar jirgi ta karkace, wayar gefe tana lilo: ta ina zan fara?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana jirgin filafili. Ƙaramin jirgi ne na hannu daga Legas, tsawonsa mita 5, wayoyin da ke riƙe da sandar filafilinsa sitenles ne 1x19, wato sili 19 murɗe wuri guda, masu kaurin milimita 4. Sandar ta jingina hagu, wayar gefen da iska ba ta bugawa tana lilo, kuma kullum jirgin son juya hanci cikin iska yake, sai an danne matuƙi, wato abin tuƙa jirgin. In na ƙara ɗaure wayoyin zai gyaru?

Baban Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam. Malam, ɗauri ne na ƙarshe, miƙar da sanda tukuna. Ka daidaita jirgin a tudu, ka sassauta tanbokul duka, wato ƙarafunan da ake murɗawa a ɗaure waya ko a sassauta ta. Ja igiyar ɗaga filafili ta taɓa ƙarfen da wayar dama ke kamawa, ka sa mata alama, ka kai ta hagu. Inda igiyar ta yi rara, can sanda ta jingina. Sassauta nan, ka ɗaure ɗayan da murɗa iri ɗaya har alamar ta zo daidai, sannan ka tsaya a gindin sanda ka leƙa kwarminta zuwa sama ko akwai lanƙwasa.

Shi kuwa ɗauri awo gare shi. Bayan ka ɗaure da hannu, manna kan sandar awo mai mita 2 a jikin waya da salatif, gindinta a bakin ƙarfen ƙarshen wayar. Kana murɗawa, ɓangare biyu bi da bi, tazara na buɗewa a ƙasa. Kowace milimita 1 kashi 5 ce cikin 100 na ƙarfin da zai tsinka wayar. A milimita 3 ka tsaya, kashi 15 ke nan. Tsohon jirgi in an matsa masa fiye da haka, jikinsa ne ke lotsawa, gobe wayar ta sake saki.

Ɗan saki a wayar da ke bayan iska ba laifi ba ne in iska ta yi ƙarfi. Lilo ne matsala.

Injiniyan Sabon Gari:
Gaskiyar Baba. Juya hancin nan kuwa yawanci sanda ce ta kwanta baya da yawa. Rataya sifana mai nauyi a igiyar filafili, ka auna tazararta da sanda daga ƙasa. Santimita 2 zuwa 3 a kowace mitar tsayi ta isa. In ta zarce, rage tsawon wayar gaba, ka saki na gefe kaɗan. Kada ka kashe juya hancin kwata-kwata, domin shi ke mayar da jirgi cikin iska ya tsaya in matuƙi ya kuɓuce. In bai ragu ba, filafilin ne ya tsufa ya yi tumbi.

Ƴar Kongo:
Yaya, jirgin ruwan gishiri ne fa, ka duba wayar kanta. Goga tsumma a jikinta, inda ya maƙale sili ya tsinke, a canza ta duka. Haka in ta haura shekara 10, ko tsatsa ta fito a bakin ƙarfen da aka matse ta. Ƙurar hunturu tana cika zaren tanbokul, sitenles kuma in an murɗa shi a bushe cijewa yake ya ƙi motsi. Wanke da kananzir, shafa giris, riƙe kan waya da sifana ɗaya kana murɗawa da ɗaya, ka mayar da fin, wato ɗan ƙarfen da ke hana tanbokul warwarewa, ka buɗe ƙafafunsa. Kafin ku ɗaga sanda a bakin dam, ku ɗaga kai ku duba wayar NEPA.