Abin da aka tattauna kan shagunan kamfanoni a Second Life da Roblox

Ga taƙaitaccen abin da 'yan uwa masu harkar talla a nan Kaduna suka faɗa kan shagunan da kamfanoni ke buɗewa a Second Life da Roblox, wato duniyoyin intanet da mutane ke shiga su yi yawo da wasa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa gini ba ya kawo mutane. Kamfanin tufafi American Apparel ya buɗe shago a Second Life a 2006, ya rufe shi a 2007. Wuri mai kyau, amma babu mai tarbar baƙo, babu abin yi, sai ya zama kango. Wannan batu ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya cancanta: kamfanoni kan zuba kuɗi a gini, su manta da albashin mai kula da wurin.

2. Waɗanda suka ci nasara sun ba mutane abin yi. Nikeland, wurin da kamfanin kayan wasanni Nike ya buɗe a Roblox a 2021, wasanni ne da kayan sawa na avata, wato surar da ke wakiltar mutum a cikin wasan.

3. An rabu kan tsawon zama. Wasu sun fi son taro na makonni biyu kamar Gucci Garden da kamfanin kayan ƙawa Gucci ya yi a Roblox, wasu sun ce sai an zauna dindindin ana sabuntawa.

4. Ma'auni: a ƙirga masu dawowa da mintunan da suka yi, domin shigowar farko kan yaudari mutum.

5. A gwada wurin a ƙaramar waya, saboda tsadar data da ɗaukewar wuta.