Mu tsayar da kalmar Hausa ɗaya ga ultraviolet

1/ Malamai masu fassara da masu koyar da kimiyya, ina neman mu tsayar da magana a kan ultraviolet, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya iya gani. An fi rubuta "zafin rana" ko "hasken rana mai cutarwa". Duka biyun ba su gamsar da ni ba, kuma hujjata tana wurin kwaɗin jihar Oregon ta Amurka.

2/ A 1994 Andrew Blaustein na Jami'ar Jihar Oregon da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a tafkunan tsaunukan Cascade. Sun rufe ƙwan wasu kwaɗi da wata leda mai tare nau'in B na wannan haske (nau'i uku gare shi: A, B da C), suka bar wasu a buɗe. A jinsi biyu, ƙwan da aka rufe sun fi ƙyanƙyashewa. A jinsi na uku, wani ɗan ƙaramin kwaɗon bishiya, babu bambanci, domin ƙwansa yana da wadatar sinadarin da ke gyara ɓarnar da hasken ke yi wa ƙwayoyin gado.

To ku lura, ruwan tafkunan nan sanyi ƙalau ne, narkakkiyar ƙanƙara ce. Ƙwan ba dahuwa suka yi ba. Duk ɗalibin da ya karanta "zafin rana" zai ɗauka tafasa su rana ta yi, ya tafi da fahimtar da ba ita ba.

3/ A 2001 Joseph Kiesecker da Blaustein suka nuna yadda sauyin yanayi ke shiga cikin lamarin. A shekarun ƙarancin ruwan sama da ƙanƙara tafki yakan ja baya, ƙwan su zauna a ruwan da bai kai santimita 20 ba, hasken ya riƙa isa gare su kai tsaye, sai fumfunar ruwa ta ƙarasa su kafin su zama talibambam. Wasu masanan sun nuna cewa a tafkuna da yawa ruwan da ruɓaɓɓen ganye ya rina yana kare ƙwan, kuma babbar barazana ga kwaɗi a duniya ita ce cike fadamu da sare dazuzzuka. Wannan gaskiya ne. Amma ita kanta muhawarar ba za ta yiwu da Hausa ba in babu sunan abin da ake muhawara a kai.

4/ "Mai cutarwa" hukunci ne, ba suna ba. Da wannan hasken ne fatarmu ke haɗa bitamin D. "Haske marar ganuwa" kuwa ya yi faɗi, har hasken hoton ƙashi na asibiti zai shiga ciki.

5/ Ga shawarata: hasken gaba-da-shunayya.

Launukan bakan gizo suna farawa daga ja su ƙare a shunayya. A 1801 Bajamushe Johann Ritter ya ajiye takarda mai sinadarin azurfa, wadda ke yin baƙi idan haske ya taɓa ta, gaba da inda shunayya ta ƙare, wurin da ido bai ga komai ba, sai ta fi yin baƙi a can. Sunan yana gaya wa ɗalibi inda hasken yake da dalilin da ya sa ba ya ganinsa. Na guji "bayan" don tana iya nufin lokaci. Na guji "shuni" duk da ta fi gajarta, domin marinan Ƙofar Mata za su ce mana shuni launi ne daban, kuma a bakan gizo kafin shunayya yake zuwa.

6/ A jimla: "Idan tafki ya ja baya, hasken gaba-da-shunayya nau'in B yakan lalata ƙwan kwaɗi." Haruffan A, B da C su zauna yadda suke.

Malamanmu na Zazzau, Sakkwato da Damagaram, a bakin yaran ajinku "shunayya" tana nufin launin ƙarshen bakan gizo, ko kuna da wata kalmar da ta fi ta zama?